Jarrabawar Ingilishi: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau ga shi kuna karanta takarda da idonku, ba wanda ya karanta muku. Wannan abin godiya ne ga Allah.

Maganar da za mu yi yau ta shafi gidanku. Ta shafi ɗanku da ke lakwal, da ɗiyarku da ta samu bak, da ƙanenku da ya rasa aiki. Maganar harshen Ingilishi ce, da jarrabawar da ake yi don a auna wanda ya iya shi. Ra'ayina a kai shi ne: ya kamata ƴaƴanmu na Anu Araren da Cirozerin da Arlit da Akokan su nemi wannan harshe, kuma masu niyyar karatu mai zurfi su shiga jarrabawarsa. Amma kada kowa ya faɗa mata da ka. A yi shiri tukuna, shiri na watanni. Bari in faɗi dalili.

Kiɗa ya sauya

Ka san tarihin wurin nan, wataƙila ma da guminka aka gina shi. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a Akokan. An kafa shi a 1974, ya fara fitar da ma'adini a 1978. Aikin ma'adini yana cin wuta da yawa. Shi ya sa aka kafa SONICHAR a 1975, don haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren. Tun 1981 ake ƙona gawayin nan ana samun wutar lantarki, tana tafiya Arlit da Akokan da Agadas da Cirozerin.

Duk shekarun nan da Faransanci ake aiki. Takardar ɗaukar aiki da Faransanci take, takardar albashi ma haka, umurnin shugaban aiki ma haka. Har ta kai a ƙasarmu in an ce "Turanci", Faransanci ake nufi. Wanda ya yi lakwal ya hau sama, wanda bai yi ba ya tsaya lebura.

To, abubuwa sun juya. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, bayan ya fitar da kusan tan dubu 75 na uraniyom. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan masu aikin kwangila. A 2024 gwamnati ta karɓe izinin haƙar Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa. A watan Yuni na 2025 kuma ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa.

Wasu baƙi ma sun shigo. Mutanen Sin sun zo Azelik, wajen Ingal, aka kafa SOMINA a 2007. Kamfanin Global Atomic na Kanada ya zo Dasa, tsakanin Agadas da Arlit, aka kafa SOMIDA a 2022. In ɗan Sin da ɗan Indiya da ɗan Kanada suka haɗu a wurin aiki, yawanci da Ingilishi suke fahimtar juna. Manyan injuna da ake sayowa daga waje, littafin da ke bayanin gyaransu sau da yawa da Ingilishi yake zuwa.

Ga wani abu kuma. A watan Maris na 2025 aka fitar da kundin sake gina ƙasa. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa su ne harsunan aiki. Ka ga ke nan Hausar da kake koyon rubutawa ta samu girma, Ingilishi kuma ya samu kujera a ofisoshinmu. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

"Me ya kai mu ga wani Turancin?"

Na san abin da wani zai ce. Zai ce: "Mun sha wahalar Faransanci shekara da shekaru. Yanzu kuma a ɗora mana wani Turancin? Yaushe za mu tsaya da ƙafarmu?"

Wannan magana tana da nauyi, ba a raina ta. Amma mu duba da kyau. In ma'adini ya dawo hannunmu, wa zai riƙe shi? Ana bukatar injiniya ɗan ƙasa, da mai auna ƙasa, da likita, da mai iya ciniki da masu saye na ƙetare. Manyan ƙasashen da ke haƙar uraniyom sun haɗa da Kazakistan da Kanada da Namibiya da Ostareliya. Uku na ƙarshen duk da Ingilishi suke aiki. Namibiya ma ƙasar Afirka ce, kuma a shekarun nan ta fi kowace ƙasar Afirka fitar da uraniyom. Hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya, wadda ke birnin Biyana, yawancin aikinta da Ingilishi take yi. Wanda bai ji harshen kasuwa ba, dillali ne ke yi masa ciniki, kuma dillali ba ya aikin banza.

Akwai kuma maganar lafiyarmu. A Akokan an bar tulin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20. Masana na duniya sun yi rubutu mai yawa a kan ƙurar uraniyom, da ruwan sha, da yadda ake rufe irin wannan tuli don kada ya cuci mutane. Yawancin rubutun nan da Ingilishi yake. Muna son ɗan Bukkoki ya karanta shi da kansa, ya dawo ya bayyana mana da Hausa da Tamajak.

Koyon harshen wani ba ya kashe naka. Dubi mutanen Agadas. Mutum guda yana jin Tamajak, yana jin Hausa, yana karatun Larabci, ga Faransanci. In ya ƙara na biyar, me ya rage masa?

Wace irin jarrabawa ce?

A kwaleji da lise ana koyar da Ingilishi, har yana fitowa a birbe da bak. Amma jami'o'in ƙetare da masu ba da tallafin karatu sukan nemi wata shaida dabam, wadda duniya ta yarda da ita. Guda uku sun fi suna.

Ta farko sunanta TOEFL. Wata hukuma ta Amurka mai suna ETS ke shirya ta, an fara ta a 1964. Da kwamfuta ake yin ta. Shekaru da yawa makinta daga 0 zuwa 120 ne. A watan Janairu na 2026 aka kawo sabon ma'auni, daga 1 zuwa 6.

Ta biyu sunanta IELTS. An fara ta a 1989. Mutanen Ingila da na Ostareliya ke shirya ta. Mafi girman makinta 9 ne. Jami'o'i da yawa suna neman 6 ko 6 da rabi.

Ta uku sunanta TOEIC. Ita ta ma'aikata ce, tana auna Ingilishin ofis da na wurin aiki. Tambayoyi 200 ne cikin awa 2, kuma makinta yana kaiwa 990.

TOEFL da IELTS abu huɗu suke aunawa: sauraro, karatu, rubutu da magana. Mu ɗauki IELTS don misali. Sauraro minti 30 ne, tambayoyi 40, kuma sau ɗaya tak ake jin muryar, ba a maimaitawa. Karatu minti 60, tambayoyi 40. Rubutu minti 60, a ciki ɗalibi zai rubuta abu biyu, ɗaya na kalmomi 150, ɗaya na 250. Sai magana da mai jarrabawa, minti 11 zuwa 14.

Riƙe abu uku a ranka. Na ɗaya, a nan ba a cewa "ya ci" ko "ya faɗi". Maki ake bayarwa, makarantar da kake nema ita ke faɗin makin da take so. Na biyu, takardar shekara 2 kawai take aiki, daga nan ta mutu. Na uku, tana da tsada. Kuɗin zama TOEFL sau ɗaya yakan wuce jaka 100 na sefa. In makin bai kai ba, kuɗin ba ya dawowa, sai a sake biya.

Ba kowa ke bukatarta ba

Nan ne mutane ke yin asara. Makaniki da ke son karanta littafin inji ba ya bukatar TOEFL. Direba da ke son gaisawa da baƙo ya fahimci umurni, shi ma haka. Mai shago da ke sayo kaya daga Kano ko Legas, Ingilishin ciniki ya ishe shi. Waɗannan su nemi harshen, su bar takardar.

Jarrabawar ta wanda aka ce masa "kawo" ce. Saboda haka kafin a biya ko dala, a tambayi makarantar ko kamfanin: wace jarrabawa kuke so, kuma maki nawa? Matambayi ba ya ɓata. Wasu makarantu na Najeriya da Gana suna da ajin koyon Ingilishi na kansu don ƴan ƙasashen da ke amfani da Faransanci. A Akara akwai makarantar koyon harsuna ta gwamnati tun 1961. A garin Tarkwa na Gana akwai jami'a sukutum ta ilimin ma'adinai. Ga jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga ta Bayero a Kano, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ɗanka zai ji Hausa a kasuwa, ya ji Ingilishi a aji. Kowace da sharaɗinta. A tambaya tukuna.

Tun da takardar shekara 2 take yi, kada yaro ya zauna jarrabawa tun yana aji na farko a lise. A bari sai tafiyar ta matso. Amma shirin, shi tun yau ake fara shi.

Yadda ake shiri

Masu shirya jarrabawar Ingilishi a Kambirij sun ƙiyasta cewa wanda ya fara daga tushe yana bukatar awa 500 zuwa 600 na darasi kafin ya kai matsayin da jami'o'i da yawa ke nema. Yi lissafi da kanka. In awa 1 ce kullum, kusan shekara ɗaya da rabi ke nan ko fiye. In awa 2 ce kullum, wajen wata 10. Wanda ya yi Ingilishi a kwaleji da lise ya riga ya rage hanya. Amma duk wanda ya ce maka cikin sati 3 za a gama, kuɗinka yake so.

Ga shawarwari biyar. Ka karanta wa ɗanka su, ko ka ba shi ya karanta.

Na ɗaya, a fara auna kai. Masu jarrabawar suna sa misalan tambayoyinsu kyauta a intanet. Ɗalibi ya zauna ya yi guda ɗaya, agogo a gabansa, ba mai taimakonsa. Nan zai ga inda ƙarfinsa yake da inda rauninsa yake. A kula kuma da tsofaffin littattafai, don tsarin jarrabawa yana sauyawa, kamar yadda na TOEFL ya sauya a 2023 da 2026.

Na biyu, a saba wa kunne. Yaranmu da yawa sun san nahawu a takarda, amma in Bature ya buɗe baki sai su ji kamar ruwan sama a kan kwano. Maganinsa sauraro kullum. In an samu intanet mai kyau, a sauke darussa da labarai cikin waya, a riƙa ji a gida. A ji muryoyi iri-iri: ta ɗan Ingila, ta ɗan Amurka, ta ɗan Najeriya, ta ɗan Ostareliya. A saurara sau ɗaya, a rubuta abin da aka gane, sannan a sake ji a gyara.

Na uku, a buɗe baki. Kunya ce babbar cutar mai koyon harshe. Yara huɗu ko biyar su haɗu bayan la'asar, su yi rabin awa ba a jin komai sai Ingilishi. Ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya amsa cikin minti 2, sauran su riƙe agogo. A garuruwanmu akwai ƴan Najeriya da ƴan Gana masu sana'a da suka yi makaranta, akwai malaman Ingilishi na kwaleji. A je a gaishe su, a roƙi su zauna da yara ko sau ɗaya a sati. Wanda ya ji tsoron kuskure ba zai taɓa iyawa ba. Da koyo akan iya.

Na huɗu, a yi karatu da rubutu kullum. Shafi ɗaya a karanta, layi goma a rubuta. A samu ƙaramin littafi na aljihu don sababbin kalmomi, biyar kowace rana, kowace da jimlarta. Biyar a rana, cikin shekara sun wuce 1800. Wanda zai yi jarrabawa da kwamfuta kuma ya koyi buga rubutu da sauri tun da wuri. Yaro yana iya sanin amsa sarai, lokaci ya ƙare yana neman harafi da yatsa ɗaya.

Na biyar, a shirya tafiya. Ɗakunan jarrabawa a manyan birane suke. Daga Arlit zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 1200 ne, balle Abuja ko Akara. A lissafa kuɗin mota da masauki da abinci. In a wata ƙasa za a zauna, sai da fasfo. Sunan da aka rubuta wajen rajista dole ya zama daidai da na takardar shaida, harafi da harafi. Mu da ake rubuta sunanmu iri uku, yau Mahamadu, gobe Mohamed, jibi Mamman, sai mu yi hattara. Akwai kuma TOEFL da ake yi a gida, amma tana son kwamfuta mai kyamara, da ɗaki ba hayaniya, da wuta da intanet da ba sa yankewa. A gwada su sosai kafin a biya.

Ka ga ma wani abin ƙarfafa zuciya: Ingilishi ba baƙo ba ne ƙwarai a bakinmu. Mota, taya, birki, giya, batir, inji, famfo, bokiti, tebur, asibiti, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su. Makanikin Arlit yana faɗin kalmomin Ingilishi tun safe har dare bai sani ba.

Hattara da masu sayar da takarda

Inda duk ake neman takarda, akwai macuta. Za ka ji wani a waya ko a Facebook yana cewa: "Turo kuɗi, in kawo maka takardar IELTS ba tare da ka zauna jarrabawa ba." Kada ka tura. Jami'o'i ba sa tsayawa ga takardar da ke hannunka. Suna duba makinka kai tsaye wurin masu jarrabawar. In suka ga ta jabu ce, kuɗi ya tafi, gurbin karatu ya tafi, suna ya ɓaci. A ce ma ta wuce, yaron zai shiga aji ya zauna kamar kurma, ya dawo gida hannu wofi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Aikinka, kai uba, ke uwa

Kada ka ce: "Ni da jiya na koyi baƙi da wasali, me zan iya?" Kai ne ka fi kowa sanin wannan hanya. Ka tuna ranar da ka fara riƙe alli, hannu na rawa, yara na leƙe ta taga. Ka daure, yau ga ka kana karatu. Yaron da ya ga ubansa mai furfura yana bitar darasi da dare, zai ji kunyar yin lalaci. Gemu ba ya hana ilimi.

Kuma wanda ya iya karatu da harshensa ya fi saurin koyon na wani. Ya riga ya san yadda harafi ke haɗuwa da harafi, ya san inda jimla ke tsayawa. Saboda haka kada ka bar ajin yaƙi da jahilci don ka ji ana maganar Ingilishi. Ka ƙarfafa Hausarka tukuna. Ba a ɗora bene a kan ginin da bai bushe ba.

Ga abin da za ka iya yi a gida. Ka ware wa yaro awa ɗaya da ba a aikensa. Ka ba shi fitila da wuri mai shiru. Ka tambaye shi kowace Juma'a: "Me ka koya a satin nan? Faɗa mini da Hausa." In ya iya mai da shi Hausa, to ya gane. Kuɗin jarrabawa kuma a fara tara shi da wuri. Jaka 10 kowane wata, cikin shekara jaka 120 ke nan. Mata masu adashi sun san wannan dabara fiye da kowa.

Kada a manta da ƴaƴa mata. Sau da yawa yarinya ce ta fi ƙoƙari a aji, amma in ta dawo gida ga tulu, ga tukunya, ga goyon ƙane. A rage mata aiki ko na awa ɗaya. Asibitocinmu suna bukatar likita mace, kamfanoninmu suna bukatar injiniya mace. In an samu gurbi ɗaya a gida, a ba wanda ya fi himma, namiji ne ko mace.

Kira ga manya

Iyaye kaɗai ba za su iya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙasar da ta ba da gawayi da uraniyom fiye da shekara 40 ta cancanci a saka wa ƴaƴanta. Agadas tana da jami'a tun 2014, tana kuma da makarantar ma'adinai ta EMAIR. Ya kamata a nemi a buɗe ɗakin zama irin wannan jarrabawa a Agadas, don a rage wa yaranmu doguwar tafiya. Ya kamata kamfanonin ma'adinai da magadan gari su buɗe ajin Ingilishi na dare a Cirozerin da Arlit da Akokan, da wuta da ƴan kwamfutoci. Tsofaffin ma'aikatan da aka sallama, masu sana'a a hannu, su ma a ba su wuri a ajin. Wannan magana ku kai ta taron iyayen yara, ku kai ta ƙungiyar ma'aikata, ku kai ta gaban magajin gari. Yanzu kun iya rubutu, sai ku rubuta takarda ku sa hannu.

Da Tamajak, "anu" rijiya ke nan. Mutanen Abzin sun san ba a fara haƙar rijiya ranar da ƙishirwa ta kama raƙuma. Ma'adini yana ƙarewa, mun gani da idonmu a Akokan. Abin da yaro ya zuba a kansa kuwa, duk inda ya je da shi zai tafi. A fara yau, ko da kalma biyar ce. Allah ya ba mu sa'a, ya yi wa zuriyarmu albarka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne jarrabawar Ingilishi take aunawa?

2. Shekara nawa takardar jarrabawar take aiki?

3. In ɗalibi yana karatun awa 2 kullum, kwana nawa zai yi kafin ya cika awa 600?

4. A unguwarku, wa zai iya taimakon yara da Ingilishi? Yaya za ku yi ku same shi?